Sawun da Ya Ƙare a Teburin Thaddeus

Angelina ce ta fara dawowa Karmo da jakarta a ka, tun rana ba ta gama ɗagawa ba. Shekaru ta yi tana dafa abinci a wani gida a Asokoro. Ranar nan uwar gidan ko falo ba ta bari ta taka ba. Ta taga ta miƙo mata kayanta, ta ce, "Mun san ciwon da kike ɗauke da shi."

Kafin mako ya zagayo an kori Christiana mai raino daga wani gidan, an kori wata mai wanki daga wani, duk da irin wannan magana. Su ukun kuwa wuri ɗaya suke karɓar maganin ƙanjamau, a Asibitin Rangwame, ɗan ƙaramin asibitin wata ƙungiyar agaji da ke bayan kasuwar Karmo. Ba wanda ya san sirrinsu sai asibitin. Unguwa ta ɗauka. Masu shayi suna faɗa, masu acaɓa suna ƙarawa, kuma duk bakin ya haɗu a kan mutum ɗaya: Thaddeus, mai shigar da bayanan marasa lafiya a kwamfuta.

Da Nabilah Hadi ta iso, sai da ta bar motarta nesa ta ratsa mutane da ƙafa. An fasa gilashin tagar gaba. A ciki bencinan jira babu kowa, alhali ranar karɓar magani ce.

Nabilah ta taɓa aiki a wani kamfanin waya, inda take gano masu satar layi. Da ta bar su sai ta koma cin gashin kanta, kuma a Abuja ta wancan lokacin, da kowane ofis ke sayen kwamfuta yana jona intanet ba tare da sanin abin da ya jona ba, aiki bai taɓa yanke mata ba. Mai bin sawu ake ce mata. Ba ta iya zama. Ko magana take da mutum, tana tsaye tana kaɗa makullin mota a yatsa.

Dakta Rekiya, shugabar asibitin, ƙawarta ce tun suna jami'a a Zariya. Ta tare ta a bakin ofis, idanunta sun kumbura. Mijinta Tawfiq, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, yana gefenta da farar shadda, ya baro ofis don ya taya ta kwantar da mutane.

"Ba korar ce kaɗai ke damuna ba, Nabilah," in ji Rekiya. "Dubi bencinan nan. Kowa ya ji tsoro. Wannan magani ba a tsallake shi. In suka daina zuwa, gawa za mu fara gani."

"Ni na ce mata a miƙa yaron ga 'yan sanda a huta," Tawfiq ya ce. "Masu ba da tallafi sun turo mutuminsu ya duba. Duk lokacin da aka buɗe fayil ɗin matan nan, daga kwamfutar Thaddeus aka buɗe. Me ya rage kuma?"

"Ina yake?" in ji Nabilah.

A ɗakin ajiyar magani aka ɓoye shi, tsakanin kwalaye. Dogo ne siriri, ɗan Kafanchan, goshinsa ɗaure da bandeji inda dutse ya same shi.

"Anti, wallahi ban yi ba," ya ce tun kafin ta tambaya. "Matan nan 'yan'uwana ne. Christiana cocinmu ɗaya."

"Wa ke taɓa kwamfutarka ban da kai?"

"Babu. Ni kaɗai. Nas-nas da kati suke aiki, lamba ce a jiki, ba suna."

"An ce da tsakar rana ake buɗe fayilolin. Ina kake da tsakar rana?"

Ya sunkuyar da kai.

"Masu acaɓa sun ce kullum kana fita da jaka ta ƙofar baya. Ina kake zuwa?"

"Ba zan iya faɗa ba."

"Thaddeus, mutanen da ke waje ba wasa suka zo ba. In ka nuna ba ka kan teburinka a lokacin, ka fita daga wannan magana."

"Na sani, anti. Amma ba zan faɗa ba."

Ta yi masa kallon da ya daɗe. Ba ta ga alamar mai ƙarya ba, ta dai ga mai ɓoye wani abu, kuma wannan bai yi mata daɗi ba.

Ta wuce teburinsa. Tsohuwar kwamfuta ce baƙa, fankarta na gurnani. Bayanan marasa lafiya ba a kanta suke kai tsaye ba. Wanda ya haɗa aikin ya gina wata kwamfutar a cikinta, irin wadda ba ta da jiki sai manhaja, masu sana'ar suna ce mata Bi-Em. Ita wannan ta ciki ba ta da hanyar fita ko shiga sai ta jikin uwar da ke ɗauke da ita. Nabilah ta buɗe saitinta, ta tsaya cak. Sai ta ja kujera ta taka, ta sauko da rautar da ke maƙale a bango, wato akwatin da ke kawo intanet, ta jona, ta duba. Makullin ya daina kaɗawa a hannunta.

Ta kira Rekiya. "Tsaya nan ki kalli allon nan. Kada ki taɓa komai."

Ta fita ta ratsa mutane ta koma motarta, ta buɗe tata kwamfutar da ɗan modem ɗinta. Jim kaɗan ta dawo tana haki.

"Me kika gani?"

"An buɗe shafin shiga yanzun nan," in ji Rekiya. "Ya rubuta daga kwamfutar Thaddeus. Amma ba wanda ya taɓa ta, ina tsaye!"

"Ni ce, daga cikin mota. Asibitinki adireshi ɗaya gare shi a intanet, kuma a ƙa'ida na waje ba ya iya shigowa. To wani ya buɗe ƙofa a rautar, ya ce duk wanda ya ƙwanƙwasa a wuce da shi kwamfutar Thaddeus. Ya sake buɗe wata a nan, a wuce da shi wajen ta ciki. Ita kuwa ta cikin ba ta ganin baƙo, uwarta kawai take gani ta miƙo shi. Ko daga Legas mutum ya shigo, Thaddeus za ta rubuta."

Rekiya ta dafa bango. "To ba shi ba ne."

"Ban ce ba shi ba ne. Na ce rubutun nan ba shaida ba ne. Na rufe ƙofofin biyu yanzu. Kada ki gaya wa kowa."

Angelina ba ta fito cikin taron ba. Nabilah ta same ta a ɗakinta, can cikin lungu, bayan ta tsallake kwatoci da igiyoyin shanya. Ta rufe taga da zani, tana zaune a duhu da rana tsaka.

"Ni ban taɓa gaya ma kowa ba, sista," ta ce da Hausarta ta 'yan kasuwa. "Ko yarana ba su sani ba. Yanzu maƙwabta ya hana yaransu shiga ɗakina."

"Madam ɗinki ta san asibitin da kike zuwa?"

"Ta ga katina wata rana cikin jaka. Ta tambaya, na ce na ciwon ciki ne."

"Daga nan fa?"

"Daga nan shiru. Sai ranar Asabar wani baƙo ya zo, yaron oga ne daga ofis. Ya zauna a teburin cin abinci da kwamfuta shuɗiya, madam tana tsaye a kansa. Ta kira ni, ta ce in faɗi cikakken sunana, wai za a yi min rajistar inshora. Na faɗa. Har na kawo masa lemo da cincin." Muryarta ta karye. "Ya ce min sannu da aiki."

"Za ki gane shi?"

"Ko a mafarki."

"Sunansa?"

"Ba na sani. Mai kaftani ne da hula, mai ladabi. Yana durƙusa wa oga."

Washegari Nabilah ta nufi Wuse. Hanya ta cushe da manyan motocin yashi da siminti, ko'ina gini ke tashi, fastocin 'yan takara a kan kowane ginshiƙin gada. Ta yi ta buga sitiyari da tafin hannu har ta isa. Fortune, wanda ya haɗa wa asibitin kwamfuta, yana da shago a hawa na biyu na wata filaza, cike da gawarwakin firinta. Gajere ne mai ƙiba, waya biyu a hannu. Da ya ji abin da ya kawo ta sai ya sallami kwastomansa ya ja labule.

"Madam, abeg, kar a sa sunana cikin wannan wahala."

"Wa ya buɗe ƙofar?"

"Ni na buɗe. Amma ba da kaina ba. Dakta ce ta ce in buɗe."

"Dakta Rekiya?"

"Ita. Lokacin da ta haifi Ameera bara, tana hutu a gida, tana so ta riƙa duba marasa lafiyarta. Na buɗe mata, na saita mata a kwamfutarta, har kalmar sirri na ajiye a ciki don kada ta wahala. Suna ɗaya duk asibitin ke shiga da shi."

"Da ta dawo aiki me ya hana ka rufewa?"

Ya sosa ƙeya. "Ba wanda ya ce in rufe. Kuma ai ko an bar shi ba ya amfani. Layin da suka saya mai arha ne. Duk lokacin da aka ɗauke wuta rautar ta mutu ta tashi, adireshin ya canza. Dakta ma da kanta ta gaji ta daina. In ba ka da wanda zai gaya maka sabon adireshi daga ciki, ba inda za ka."

Nabilah ta juya za ta fita, sai ta tsaya. "Kwamfutar Dakta wace kala ce?"

"Shuɗiya."

Ba ta jira ta koma Karmo ba, daga matakala ta kira Rekiya.

"Me ya sa ba ki gaya mini ke kika sa aka buɗe ba?"

"Innalillahi. Wallahi na manta da abin nan gaba ɗaya. Ko jiya da kike bayani ban haɗa su ba. Na ɗauka ya mutu tun da na daina."

"Ina shuɗiyar kwamfutarki?"

"Ta lalace tun ina jego. An kai ta gyara nan Wuse, aka ce ba za ta tashi ba."

Nabilah ta kashe wayar ta ɗaga kai ta dubi labulen Fortune. Mai gyara da ya ce kaya sun mutu, ya sayar wa wani da kalmar sirri a ciki, ba sabon abu ba ne a wannan filaza. Ta koma ta tambayi Fortune. Ya rantse da kabarin uwarsa ba a taɓa kawo masa ita ba. Ta bi shagunan gyara na hawan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce bai gani ba, kowa kuma da irin fuskar da ba za ta faɗa ba ko ta gani. Ta koma mota da ciwon kai. Ko Fortune ne ya sayar, ko wani, dole akwai na ciki mai ba da adireshi. Na cikin kuwa da ke fita da jaka kullum ya ƙi faɗin inda yake zuwa, shi ne dai Thaddeus. Ta zagaya ta dawo inda ta fara.

Da azahar tana asibitin tana safa da marwa a ɗakin jira. Taron waje ya ƙaru. Ɗan'uwan Christiana ya zo da samari, sun ce in ba a fito musu da Thaddeus ba kafin yamma za su shigo su ɗauke shi. Prudence, yarinyar da ke zama a teburin karɓar baƙi, tana ta jera katunan da ba wanda ya zo karɓa.

Sai aka ɗauke wuta. Fanka ta tsaya. Mai gadi ya ja janareta, ya yi tari ya kama, fitilun rautar suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Nabilah tana tsaye kusa da teburin ba don komai ba. Ta ga Prudence ta kunna kwamfutarta, ta buɗe wani shafi fari mai lambobi manya a tsakiya, ta ɗauki wayarta tana kwafa, tana hamma.

"Me kike yi?"

"Lambar intanet ne, anti. Kullum in wuta ya dawo sai na tura."

"Ki tura wa wa?"

"Oga mana. Ya ce in ba a tura ba kamfani za su yanke layinmu."

"Wane ogan? Fortune?"

Prudence ta yi dariya. "A'a, Fortune ai ba oga ba ne. Oga mijin Dakta."

A karon farko tun zuwanta Karmo, Nabilah ta ja benci ta zauna.

"Tun yaushe?"

"Tun Dakta tana jego. Da farko ita nake tura ma. Daga baya oga ya kira ni ya ce madam aiki ya mata yawa, in riƙa tura masa shi, kuma kada in dame ta da maganar." Ta dubi fuskar Nabilah, dariyar ta gushe. "Anti, na yi laifi?"

"Kada ki tura wannan. Kada ki goge komai a wayar nan."

Ta daɗe a kan bencin. Ta tuna bikin Rekiya, ita ce ta riƙe mata mayafi. Ta yi tunanin ta kira ta gefe ta faɗa mata su biyu, a rufe maganar a cikin gida. Sai wani dutse ya sauka a kan kwanon rufi, ta ji Thaddeus ya yi tari a ɗakin magani. Ta miƙe ta fara kiran waya.

Bayan la'asar suka haɗu a ofishin Dakta. Rekiya na bayan teburinta. Thaddeus a tsaye jikin bango. Fortune ya zo a acaɓa yana gumi yana mita. Prudence ta ƙanƙame wayarta da hannu biyu. Tawfiq ne ya shigo ƙarshe, ya zo ɗaukar matarsa, ya yi sallama ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"To, Hajiya mai bin sawu, an gama? Mutanen nan fa ba za su jira ba."

"An kusa," in ji Nabilah. Tana tsaye a bakin ƙofa. "Wanda ya yi abin nan daga waje ya shigo, ta ƙofar da Fortune ya buɗe ya ƙi rufewa."

"Madam, ni fa..."

"Sakaci ka yi, Fortune, kuma za ka amsa shi. Amma sakacinka bai isa ba. Ana buƙatar kwamfutar Dakta mai kalmar sirri a ciki, ana kuma buƙatar sabon adireshi duk lokacin da wuta ta dawo." Ta juya. "Thaddeus, ba sai ka faɗi suna ba. Me ke cikin jakar da kake fita da ita?"

Ya dubi Rekiya, ya dubi ƙasa. "Magani ne. Akwai waɗanda ba za su iya zuwa a gan su a nan ba. Ni nake kai musu gida. In na faɗi gidajen da nake zuwa, na yi abin da ake zargina da shi ke nan."

Rekiya ta rufe ido.

"Rekiya," in ji Nabilah, muryarta ta sauka, "wa ya kai kwamfutarki gyara?"

"Abban Ameera ne ya..." Ba ta ƙarasa ba. Ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Na kai, aka ce ta mutu, na bar musu," in ji Tawfiq. "Wannan wace irin tambaya ce?"

"Wane shago?"

"Yanzu ki ce in tuna shagon bara?"

"Prudence, nuna wa Dakta wayarki."

Rekiya ta karɓa. Ta riƙa jan allon ƙasa da yatsa, saƙo bayan saƙo, lambobi zalla, duk zuwa layin da ta haddace tun kafin aure.

Tawfiq ya yi murmushi. "Ni nake biya muku intanet ɗin nan wani lokaci, kin manta? Kamfanin ne ke tambaya."

"Oga, da girmanka," Fortune ya ce, "ba kamfanin da ke tambayar wannan. Su suke ba da lambar."

"Kai kuma wa ya sa da kai? Rekiya, za ki zauna ƙawarki ta tara mini yara suna..."

Nabilah ta buɗe ƙofa. Angelina tana tsaye a baranda, ta rufe rabin fuskarta da ɗankwali. Ta ƙofar baya aka shigo da ita. Ta dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, idonta ya wuce Fortune, ya wuce Thaddeus, ya tsaya. Ta sauke ɗankwalin.

"Oga, sannu," ta ce. "Lemon ya yi sanyi ranar?"

Ba wanda ya motsa. Ƙarar janareta kaɗai ake ji da hayaniyar waje. Tawfiq ya sauke ƙafarsa. Ya cire hula ya riƙe ta a gwiwa.

"Ba yadda kuke zato ba ne," ya ce. "Lokacin da za mu ɗauki mai rainon Ameera, 'yar Karmo ce, na duba sunanta don hankalina ya kwanta. Shi ke nan. Sai na yi subutar baki a gidan darakta. Matarsa ta ce in duba mata tata. Ta gaya wa matar wani, ita ma ta gaya wa wata. Rekiya, kin san shekarun da na yi a mataki ɗaya ana tsallake ni. Mutanen nan ba su taɓa sanin sunana ba sai yanzu. Ta yaya zan ce wa matar darakta a'a? Kuma ai yara ne a gidajen, kare su ake..."

"Mijin likita ne kai," in ji Rekiya. Ba ta ɗaga murya ba. "Sau nawa na faɗa a gabanka ba a ɗaukarsa ta abinci, ba a ɗaukarsa ta raino? Ka sani."

"Na sani, amma su..."

"Jiya kana tsaye a nan ka ce in miƙa Thaddeus."

Ya dubi hular da ke gwiwarsa.

"Ina kwamfutar?"

"Tana but ɗin mota."

Ta miƙa hannu. Ya ɗan yi jinkiri, sannan ya ajiye makullin a tafinta. Ta ba Nabilah. "Ɗauko ta. Prudence, kira mini ofishin 'yan sanda, ki ce a ba ni babbansu, ki ce su zo da mota."

"Rekiya, don girman Allah. Don Ameera. Mu je gida mu yi magana."

"Fortune, Thaddeus, ku zauna da shi, ku kulle ƙofa ta ciki. Kada wanda ya taɓa shi."

Ta gyara mayafinta ta nufi ƙofar gaba. Nabilah ta sha gabanta.

"Bari 'yan sanda su iso tukuna. Ba sai kin faɗi suna ba yau."

"Sunan Thaddeus kwana nawa yana yawo a bakinsu? Matsa, Nabilah."

Ta fita ta tsaya a kan dakali, kan gilashin da aka fasa. Hayaniya ta tashi, ta ɗaga hannu, ta lafa.

"Ba Thaddeus ba ne," ta ce. "Ni na sa aka buɗe hanyar da aka bi, na manta ban sa an rufe ba. Wanda ya bi ta ya tona asirin matan nan mijina ne. Yana ciki, 'yan sanda na zuwa, kuma ni zan ba da shaida a kansa. An rufe hanyar. Wanda bai karɓi maganinsa ba, don Allah ya zo, ko ya aiko. Ku yi fushi da ni yadda kuke so, amma kada ku daina sha."

Ɗan'uwan Christiana ya dubi dutsen da ke hannunsa kamar bai san yadda ya zo nan ba. Can baya wata tsohuwa ta fara salati.

Da motar 'yan sanda ta tafi da Tawfiq, taron ya watse kaɗan-kaɗan, ba wanda ya ba Thaddeus haƙuri da baki, sai mai shayin bakin hanya da ya aiko masa da kofi ɗaya da burodi. Nabilah ta zauna ta sauya kalmar sirri, ta ba kowa tasa daban, ta sa Fortune ya tsaya yana kallo har ta gama. Mutum biyu suka shigo karɓar magani kafin magariba, duk sun rufe fuska.

Rekiya na zaune a bencin jira, hannuwanta a cinya, ba ta kuka. Angelina ta fito daga baranda za ta tafi, sai ta tsaya a gabanta.

"Dakta, na gode da kin faɗi gaskiya."

Rekiya ta ɗaga kai. "Ki yafe mini, Angelina."

"Na yafe. Allah ma yana yafe mana." Ta ɗaura ɗankwalinta. "Amma Dakta, duk Asokoro sun ji, duk Karmo sun ji. Gobe wa zai ba ni abincinsa in dafa?"

Rekiya ta dubi Nabilah. Nabilah ta dubi ƙasa. Angelina ta jira kaɗan, da ta ga ba mai amsa, sai ta karɓi maganinta a hannun Prudence, ta sa a jaka, ta fita ta ƙofar gaba.